Kalilu Ya Koma Wanke Kayansa da Kansa

Shekara ashirin da biyu Kalilu ya yi yana gurzar lainin birki a garejin manyan motoci da ke bakin gari a Daura, kuma bai taɓa komawa gida da launin da ya fito da shi ba. Da safe baƙi yake fita, da yamma ya dawo toka-toka, gira da gemu duk sun yi furfura. Akwai wani direban tifa ɗan Sandamu da ya shekara uku yana ce masa Baba, sai da suka haɗu a masallacin Juma'a direban ya gane ashe shi ne ya girmi Kalilu.

Aikin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. In birkin tirela ya cinye, a kwance taya, a zare durom, a ɓalle tsohon lainin, a ɗaura sabo da ribiti. Sabon ba ya zama daidai sai an bi shi da injin gurza har ya kwanta. A nan ƙurar take tashi, fara sol, mai laushi kamar hodar mata, ba wari ba ƙauri. In an gama a sa iskar kwamfaresa a hure durom, duk wanda ke kusa ya samu rabonsa.

Munzali ne ya koya masa sana'ar. Ya girme shi da shekara goma sha biyu, kuma duk da yanzu rumfa ɗaya suke, kowa da kwastomominsa, har gobe Oga yake ce masa. Dokar Munzali ɗaya ce tak: kullum in an tashi aiki, kowa ya sha gwangwanin madara. Ya ce madara tana wanke ƙirji, haka ya ji daga wanda ya koya masa. Wanda ya koya masan tari ne ajalinsa, amma aka ce ai mutumin ba ya shan madarar a kai a kai.

Da Munzali ya haura hamsin da biyar sai ya fara hutawa tsakanin ribiti da ribiti. Daga rumfa zuwa masallacin gareji taku arba'in ne, ya koma tsayawa sau biyu a hanya, yana yi kamar taya yake dubawa. Ga wani busasshen tari da ba ya fitar da komai. Aka ce tarin fuka ne, aka ɗora shi a kan magani wata shida, a gida aka ware masa kofi da kwano. Ya shanye maganin tas, tari yana nan inda yake. Sai aka rubuta musu takarda zuwa wani babban asibiti a Kano. 'Ya'yan Munzali maza duk suna kudu, don haka Kalilu ne ya raka shi.

Likitar da ta gan su wata mata ce mai ƙarancin magana. Ta daɗe tana sauraron bayan Munzali, ta kama hannunsa ta duba yatsun da kawunansu suka kumbura, sannan ta ɗaga hoton ƙirjinsa a haske.

Ta ce, "Baba, wace sana'a kake yi?"

"Birki."

"Kuna gurzawa?"

"Da inji ma kuwa."

"Shekara nawa?"

Munzali ya dubi Kalilu, Kalilu ya ce, "Talatin da huɗu."

Ta ajiye hoton. Ta ce ba tarin fuka ba ne. Ta ce akwai wani abu da ake kira asbesto, ana sa shi a lainin birki da yawa saboda ba ya jin zafi. In an gurza sai ya tashi siri-siri, ido ba ya gani, ya shiga huhu ya maƙale, ba ya narkewa ba ya fita. Huhun ya yi ta tabo a hankali, shekara ashirin, talatin, har ya ƙage ya daina buɗewa.

Kalilu ya ce, "Likita, asbesto ba na silin ba ne?"

"Shi ne."

"Wato silin muke shaƙa."

"Kusan haka."

Munzali ya gyara zama ya ce, "Amma muna shan madara."

Ta ce, "Madara ciki take zuwa, Baba. Ƙura huhu take zuwa. Ba hanyarsu ɗaya ba."

Kalilu ya gane wannan nan take, domin ya san ba a zuba mai a lagireto a ce an yi wa inji juye. Ya tambaya ko akwai magani. Ta ce akwai abin da zai rage wahalar numfashi, amma abin da ya ƙage ya ƙage. Sannan ta juyo kansa, ta dubi gemunsa, wanda ranar baƙi ne, ta ce, "Kai ma aikin kake yi?" Ya ce eh. Ta ce ya dawo a ɗauki nasa hoton. Har sun miƙe ta ƙara da cewa, "Wa ke wanke muku kayan aiki?"

"Iyali."

"Su ma suna shaƙa."

Suka shiga mota suka kamo hanyar Daura. Sai da suka wuce Kazaure Munzali ya nisa ya ce, "Ka san wani abu, Kalilu? Ni da ma madarar nan ba sonta nake yi ba."

Kalilu ya isa gida bayan la'asar, ya tarar da matarsa Adawiyya a tsakar gida da rigar aikinsa ta jiya. Yadda ta saba yi shekara goma sha tara haka ta yi: ta kama rigar ta wuya, ta fyaɗa ta a jikin bango sau uku kafin ta jefa a bokiti. Farar ƙura ta tashi ta lulluɓe ta. Ta kaɗe da hannu, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Yaya mai jikin?"

Ya ce, "Da sauƙi."

Washegari ya fita da bokiti da sabulu da wasu kaya a leda. Da aka tashi aiki ya zagaya bayan wata matacciyar tirela, ya cire kayan aikin a hankali ya tsoma a ruwa, ya wanke, ya shanya a kan madubin motar, shi ma ya watsa ruwa, ya sa masu tsabta. Ya shiga gida fes. Adawiyya ta dube shi tun daga hula har takalmi. Rana ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Rana ta huɗu ta ajiye masa tuwo da ɗan ƙarfi.

"Malam, wankina ne ba ya fita?"

"Yana fita."

"Sabulun ne ba ka so?"

"Sabulu lafiyarsa lau."

"To an ce mini an ga mijina tsugune bayan mota yana cuɗa wando. Matar mai faci ce ta faɗa mini, a gaban mutane, a gidan suna."

Ya ce motsa jiki ne. Ta ce ashe ɗaga durom ɗin tirela bai ishe shi motsa jiki ba. Ya sa hannu a tuwo, maganar ta tsaya nan.

A wannan makon ne ya je shagon Okey, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ya fi shekara ashirin a Daura, Hausarsa har da karin magana. A wurinsa suke sayen lainin. Kalilu ya ba shi labarin likita daga farko har ƙarshe. Okey ya sa tabarau, ya shiga sauke kwalaye yana karantawa. Wasu an rubuta babu asbesto a ciki. Wasu ba a rubuta komai ba.

"Wanda bai ce komai ba fa, Oga Okey?"

"Wanda bai ce komai ba, bai ce komai ba, Malam Kalilu. Kuma shi direbobi suke so, don ya fi araha."

"Wanda ya ce babu, da gaske babu?"

Okey ya juya kwalin ya sake juyawa. "Kwali ne ya faɗa. Ni ban shiga ciki na gani ba." Ya dubi farin garin da ya taru a gindin kantarsa, wanda yake sharewa kowace safiya da tsintsiya. Ya ce, "Wannan ma shi ne?" Kalilu ya ce bai sani ba. Okey ya ɗauki tsintsiyar ya kai bayan shago, ya dawo da tsumma da ruwa.

Shi ne ya samo wa Kalilu takunkumin roba daga Kano, mai gwangwani biyu a gefen hanci, ya ce an tabbatar masa na ƙura ne. Ranar da Kalilu ya fara sa shi, gareji ya tsaya cak. Kafin azahar sunansa ya koma Sama Jannati. Ya kuma ajiye injin gurza, ya koma magagari, yana yi yana yayyafa ruwa don ƙurar ta zama taɓo. Kwamfaresa kuma ya daina hure durom da ita, sai tsumma jiƙaƙƙe. Aikin awa ɗaya ya koma na awa uku. Direbobi suka yi masa fatan alheri, suka tsallaka rumfar Jibril, wani mai birki da ke ɗaya gefen, inda har yanzu inji ke kuka.

Kalilu ya tsallaka ya same shi ya yi masa bayani, har da zancen silin. Jibril ya saurara da ladabi, yana kaɗe gemu. Ya ce, "Allah ya kyauta. Amma ka san kowa da ajalinsa." Kalilu ya ce haka ne, amma ai shi ma Jibril yana sa wa tirela waigi kafin ya shiga ƙarƙashinta. Jibril ya ce wannan daban. Washegari dai aka gan shi ya ɗaura hankici a hanci, zuwa hantsi ya cire don yana hana shi hira.

Adawiyya kuwa ba ta bar maganar wanki ba. Wata Juma'a bayan an sauko, ta zauna a gabansa ta ce ko ya faɗa mata abin da ta yi, ko ta je ta kira yayarsa a yi a gabanta. Kalilu ya ga ba mafita, ya faɗa mata duka, har tambayar da likita ta yi ta ƙarshe. Yana magana yana kallon tabarma.

Ta bari ya gama. Sannan ta ce, "Wato shekara goma sha tara ina shaƙa, sai yanzu ka ga ya dace ka ɓoye mini riga."

"Ban so hankalinki ya tashi ba."

"Da ka bar ni ina zaton wankina ne ya lalace, hankalina a kwance yake?" Ta share ido da bakin mayafi. "Kai an ɗauki naka hoton?"

"Tukuna."

"Litinin za mu tafi. Mu biyu."

Suka je. Likitar ta ɗaga na Adawiyya ta ce ba ta ga komai ba a yanzu, amma ta riƙa zuwa ana dubawa. Ta ɗaga na Kalilu ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna masa wani hazo-hazo a ƙasan huhun, dama da hagu. Ta ce ya fara, amma bai yi nisa ba. Ya daina shaƙa, kada ya kusanci taba, ya dawo duk shekara. Kalilu ya tambaya ko zai kai kamar Oga. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi masa ƙarya ba. A hanyar dawowa Adawiyya ta sayi rake ta ba shi gaɓar tsakiya, ta riƙe hotunan biyu a cinyarta har Daura.

Munzali ya yi wata goma sha huɗu bayan nan. Ba ya iya aiki, amma kullum sai an kawo shi gareji a babur, ya zauna a benci can nesa da rumfar Jibril, yana gyara wa Kalilu riƙon magagari da baki. Ya rasu bayan an ɗauke ruwa, ranar wata Talata da hantsi, a zaune, don ya daɗe ba ya iya kwanciya. Duk garejin aka rufe aka je jana'iza.

Bayan sadakar uku Kalilu ya koma rumfa. Aiki ya ragu amma bai yanke ba, akwai direbobi uku huɗu da suka ce gara nasa, birkin ya fi kwanciya. Yana tsugune yana jiƙa lainin sai ga Jibril ya tsallako, ya yi gaisuwa, ya ƙara yin ta'aziyya, ya tsaya yana jujjuya sifana a hannu.

"Wai abin hancin nan naka, a ina ake samu?"

Kalilu ya ɗage takunkumin ya ce, "Wurin Okey."

"Ba ni ba fa. Wani surukina ne a Dutsi yake tambaya."

"To."

"Yana da lamba, ko duk ɗaya ne?"

"Akwai babba akwai ƙarami. Sai an gwada a fuska."

Jibril ya yi ɗan tunani. Ya ce, "Ai kansa kamar nawa ne." Ya miƙa hannu, Kalilu ya goge takunkumin da tsumma ya ba shi, Jibril ya ɗora a fuskarsa ya ja igiyar ta baya.