Dawakin Loveday a Bakin Ramin Kuza

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta iso mu sha labari, Kaka.

A ƙasar Kwanwal aka yi wata mata, Loveday, mijinta Digory mahaƙin kuza ne. Wata safiya injin tururin da ke zuƙe ruwan ramin ya yi tari ya tsaya. Kafin a ankara dutse ya rufta, ya toshe hanyar fita, Digory da mutum biyu suna ciki. Masu tono suka ce sai la'asar za su kai gare su, ga ruwa yana hawa.

Loveday ta ruga wurin tsoho Jory mai kula da injin.

"Baba, ba ka ce injin nan ƙarfin doki goma sha biyu gare shi ba?"

"Na ce."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta bi gida gida tana kuka, har ta tara dawaki goma sha biyu cif. Aka ɗaura su a tsofaffin igiyoyin guga, suka kama jan ruwa daga ramin.

Da rana ta take, dawakin suka fara kumfar baki. Aka zura igiyar awo, ruwa ya ƙaru da taku biyu. Ta juya kan Jory.

"Ƙarya ka yi mini, tsohon banza!"

"Yarinya, ni da furfurata? Dokin da ake auna inji da shi, shi ne wanda zai ɗaga laba ɗari da hamsin, zuwa tsayin ƙafa ɗari biyu da ashirin, cikin minti ɗaya. Ya maimaita, ya sake, har gobe. Ba ya cin ciyawa, ba ya haki. Naki fa, dubi goɗiyar can, ko surukata ta fi ta sauri. Sai kin ninka su uku, suna karɓar juna."

Ta cire takalma ta nufi ƙauyen gaba da gudu, tana jin kamar ruwan a wuyanta yake hawa. Ba wanda ya hana ta doki, har mai niƙa da ba sa ga maciji da Digory. Aka riƙa ɗaura dawakin suna karɓar juna, hawan ruwan ya ragu.

La'asar sakaliya aka huda dutsen. Ruwa ya kai musu haɓa.

Duka ukun sun fito da rai. Goɗiyar nan ta mutu a wurin. Jory ya gyara injinsa, Digory kuwa ya koma kamun kifi, bai sake shiga rami ba.