Layin da Keken Empiang Ya Zana

Nyandang bai iya ɗauri na hankali ba. Tunda na'urar GPS ɗin ta taɓa suɓucewa daga kan keke ta faɗa taɓo, yau sai da ya naɗe ta da robar tsohon tib ɗin taya, ya bi da waya, ya murɗe da filaya.

"Yaya, ai ba ɓarawo ka kama ba," in ji ƙanwarsa Empiang.

"Ke dai hau. In ta faɗi, kirawo ni da sunan kare."

Wulan, ma'aikaciyar da ta kawo na'urar daga birni, ta sake maimaita mata. Duk inda keken ya bi, nan layi zai bi. Abin da ya faɗa cikin layin na mutanensu ne, iyalai arba'in da ke zaune a dogon gida guda, na waje kuwa kamfanin manja zai sa katafila ya share. Dole ta dawo daidai inda ta tashi kafin ƙarfe uku, lokacin da kwalekwale zai tafi da taswirar zuwa ofishin filaye. Batiri kuma biyun da ke ciki su ke nan.

Empiang ta bi gefen gonakin shinkafa, ta zaga itatuwan roba, rabin idonta a hanya, rabi a kan ɗan baƙin zaren da ke tsawo a gilashin na'urar. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi ta iso rafi, alamar batiri saura sanda ɗaya.

Nan ta ja birki. Hanya ta lanƙwasa hagu ta nufi gida. Kabarin mahaifinsu kuwa yana tsallaken ruwa, kan tudu, ƙarƙashin bishiyar duriyan. Jiya da aka baje baki ana tsara hanya, duk cikinsu babu wanda ya tuna.

Sai ta ce bari ta cire na'urar ta ruga da ita a hannu. Ta sa adda, roba ta tsinke. Waya ta ce ba ta san zance ba. Ta murɗa har farcenta ya tsage.

"Nyandang, Allah ya shirye ka!"

In batiri ya mutu a hanya, ba kabari kaɗai ba, gonakin gida arba'in sun tafi. Ta san haka sarai, kuma tsoro ya kama ta ƙwarai. Amma ta saɓa keken a kafaɗa ta shiga ruwan.

Ya kai mata ƙirji. Ta ɗaga kan keken sama, feda na huda mata baya, duwatsu na zamewa ƙarƙashin ƙafarta. Ta hau tudun tana haki, ta zagaye tulun da aka ajiye a kan kabarin ta bayansa, ko tsayawa gaisuwa ba ta yi ba. Ta sake tsallakowa, ta hau, ta taka kamar ana bin ta.

Injin kwalekwale na kuka ta faɗo tsakar gida. Wulan ta danna maɓallin ajiyewa a kan keken, Nyandang na warware wayar da ya murɗe, kai a ƙasa.

"Layi ya haɗe," in ji Wulan. Sai ta ɗaure fuska. "Amma akwai kuskure a nan. Wannan ɗan ƙullutun da ya fita tsallaken rafi fa? In goge?"

Empiang ta riƙe mata hannu da jiƙaƙƙen hannunta.

"Kada ki taɓa. Babanmu ne."