Ƙahon da Aka Yi wa Sabo

Sabo mai wanki ne a Unguwar Shanu, amma ba irin na bakin rafi ba. Kwat ɗin ulu ta akawunan gwamnati, wadda ruwa ke ɓatawa, ita yake wankewa da benzin, wani mai mai ɗan ƙamshi da wani kuku ya nuna masa. Da yake man tashi yake yi in ya sha iska, Sabo kan rufe ƙofa, ya toshe taga da tsumma, ya wuni a ciki. Shekara shida yana haka.

Da daminar bana jiri ya matsa masa, in ya yi asuwaki kuma sai ya tofar da jini. Matarsa Mariya ta ce mataccen jini ne ya taru, a kira wanzami.

Isa wanzami ya kafa masa ƙaho biyu a baya, ya yi tsaga. Har la'asar jini bai tsaya ba.

"Shekarata talatin ina ƙaho," in ji Isa. "Jini kan daskare kamar hanta, naka kuwa zoɓo ne. Askata ba ta ƙara taɓa ka."

Suna cikin danna tsumma a kan tsagar sai ga Malam Abdurrahim, malamin asibiti, ya zo karɓar kwat ɗinsa. Ya leƙa ɗakin wankin, ya fito yana dafa bango. Ya ja fatar idon Sabo ƙasa, ya ga fari fat. A hankali ya gaya masa tururin man nan har ɓargo yake shiga, inda ake yin jini, kuma in bai bari ba jinin ƙarewa zai yi. Sabo ya tambaya ko buɗe taga zai wadatar. Malamin ya ce a yadda jikinsa ya kai, a'a.

 Sabo ya tuna masu wankin rafi da ya daina gaisarwa.

"To kwat ɗinka fa, Malam? Ban gama ba."

"Ba ni ita da dattinta. Gobe ka same ni asibiti."

Wata biyu ya yi yana jinya. Ran da ya sauka rafi da ƙunshin kaya da sabulu, wani tsoho ya ɗaga kai ya ce, "A'a, Bature ne yau a ruwa?" Ya matsa masa wuri a kan dutse.