Asun Gwaji Ya Ƙare

Ya ɗaga kwalba ta shida ya haska ta a taga. Ko fiffike ɗaya ba ya motsi.

Shekara biyu ke nan yana kiwon asun hatsi a ɗakin gwaji, yana auna musu zafi da laima kamar jarirai. Rabin kwalaben yakan saka musu wasu ƙananan zanzaro masu kashe tsutsar asu, rabi kuma ya bar su su hayayyafa don a kwatanta. To, ashe ragar murfin ta huje, zanzaron sun bi kwalaben kaf sun yi ta'asa. Jibi Farfesa zai zo duba aikin, in kuwa ba asu mai rai, digirin ya tafi.

Sai ya tuna buhun garin da ke gidansa, wanda ya cika da tsutsar asu. Ya hau bas yana addu'ar da bai taɓa zaton zai yi ba: Allah ya sa sun ƙaru.

Ya tarar da matarsa tana tankaɗe.

"Ina tsutsotsin nan?" ya tambaya yana haki.

"Sun mutu, Baban yara. Ka tuna kwalbar zanzaron da ka kawo ranar da aka ɗauke muku wuta? Na gaji da jiranka, na buɗe ta a sito. Wallahi aikinka yana ci!"

Ya zauna a bakin ƙofa ya dafe kai. Bai taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba.

"Maƙwabta fa?"

"Maman 'yan biyu tana da su, buhu guda. Amma je ka tambaye ta da bakinka, ni ba ruwana."

Ya ɗauki kwalba ya je ya yi sallama. Suka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Don Allah, ko garinki yana da tsutsa? Ko kaɗan ne ki taimaka min."

Ta riƙe ƙugu ta dube shi sama da ƙasa.

"Tsutsa? A gidana? Wa ya gaya maka ni ƙazama ce?"

Tana cikin faɗa, asu biyu ƙosassu suka fito ta saman kanta. Ya miƙa hannu, ta rufe ƙofa da ƙarfi.