Filen Ja'afaru

Ja'afaru ya ɗaga guduma ya maka wa cizal, ƙarfen sassaƙa, gungumen itacen kirya ya tsage biyu. Shi ne na biyu da ya ɓata tun safe. Ya yi jifa da shi ya bugi jikin rumbu, kaji suka watse.

Matarsa Furera tana ɓare gyaɗa a ƙofar ɗaki. Ba ta ɗago ba, ta dai ce da shi itacen ba shi ne Alhaji Maikuɗi ba.

Ya jawo gungume na uku, na ƙarshe, ya danne shi da ƙafa. Filen yake son haɗawa, abin da kafinta ke goge katako da shi har ya yi santsi. Shekara da shekaru na ƙarfe yake riƙewa, ɗan kanti, a rumfar Alhaji Maikuɗi inda yake buga wa motocin gyaɗa bodi. Makon jiya wata motar ta kife a gangaren rafi kan hanyar Kabo, buhuna suka zube cikin ruwa. Ranar kasuwa Alhaji ya tare shi a gaban sikeli, cikin manoman garin Jama'a da na Sabon Birni da suka kawo gyaɗa, ya ce katakon banza ya buga masa, shi ya karye kaya suka rinjayi mota. Ya sa aka ƙwace filen daga hannunsa a wurin.

Ba zagin ne ya fi cin Ja'afaru ba. Direban motar Ɗanladi ne, ƙanin Furera, wanda shi ya kai shi gun Alhaji ya samo masa aikin. Ɗanladi na tsaye jikin buhuna da hannu a ɗaure da bandeji, ya ji komai, bai ce uffan ba.

Tun daga ranar babu wanda ya kawo masa aiki, sai mutanen Gude da ke son ƙyauren masallaci, su ma sun ce in Juma'a ta wuce za su nemi wani.

Wannan karon ya sassauta hannu. Ya daidaita gungumen da gizago, ya zana inda ƙarfe zai kwanta a karkace, ya riƙa cire itace kaɗan-kaɗan har rami ya ɓulla ƙasa, bakinsa siriri. Ya goga cikin a kan faffaɗan dutse da yashi, yana ɗagawa yana hange da ido ɗaya. Ya feƙe ɗan itacen da zai danne ƙarfen. Duk wannan yana yi haƙoransa a cije. Bayan azahar jikin filen ya kammala, saura ƙarfe.

Ya maƙale shi a hammata ya nufi maƙerar Lukuman. Maƙerin ya auna faɗin ramin da yatsu, ya ce ƙarfen garma ba zai riƙe kaifi ba, sai na sifirin mota. Ya tona cikin tarkace ya fito da wani guntu mai tsawon tafin hannu, ya miƙa masa, ya ce ya dubi bakin karayar. Rabinsa ya yi baƙi da tsatsa, rabi fari tas.

Ja'afaru bai buƙaci bayani ba. Tsohuwar tsagewa ce, ta daɗe tana ci, sannan ƙarfen ya ƙarasa karyewa ƙarƙashin kaya.

Lukuman ya rage murya ya ce Ɗanladi ne ya kawo shi shekaranjiya, daga motar da ta kife, kuma shi ne ya karye ya kifar da ita, ba katako ba. Tun kafin kaka Ɗanladi ya nuna wa Alhaji tsagewar, Alhaji ya ce a gama kwasar gyaɗa tukuna, ya kuma ƙara masa buhuna. Bayan hatsarin Alhaji ya gaya masa in ya buɗe baki, shi za a ɗora wa laifin a kai shi gaban alƙali.

"Ɗanladin ne ya ce in ajiye maka," in ji Lukuman. "Ya ce ka yi yadda ka ga dama da shi."

Ja'afaru ya miƙe tsaye, ƙarfen a hannunsa. Daga ƙofar maƙera yana hango rumfar sikeli, ga Alhaji kan kujera ana ta jibge buhuna a gabansa, mutane cike. Taku kaɗan ne. Ya fita har tsakiyar hanya.

Sai ya ga Ɗanladi zaune can gefe kan tsohuwar taya, hannun nan a ɗaure, yana kallonsa. Bai kauce ba, bai kuma yi masa alamar roƙo ba. Matar Ɗanladi ko arba'in ba ta yi ba da haihuwa.

Ja'afaru ya daɗe a tsaye har wani mai jaki ya ce ya ba shi hanya. Ya tofar da yawu, ya juyo.

"Malam Lukuman, sa shi a wuta."

"Ka san in ya shiga wuta, shaidar ta tafi."

"Na sani. Zuga."

Da kansa ya karɓi babbar guduma. Ya yi ta dukan jan ƙarfen nan har maƙerin ya riƙe masa hannu ya ce ya isa, kada ya fi takarda sirantaka. Aka tsoma shi a ruwa, aka wasa.

La'asar sakaliya ya dawo gida. Ya zura ƙarfen, ya ƙwanƙwasa madannin a hankali, ya shimfiɗa katakon ƙyauren Gude ya tura. Ɓawon katako ya fito a naɗe, dogo, bai tsinke ba. Ya sake turawa.

Furera ta matso ta ɗauki ɗaya tana juyawa, ta tambaye shi inda ya samo ƙarfe mai kyau haka.

"Ki aika wa ƙaninki tuwo," ya ce, idonsa na kan katako. "Amma ki gaya masa kada ya tako gidan nan tukuna."