Kilo Biyar Likita Ta Ce

Shekara huɗu da aure, wata mai ɗinki ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Likita ta auna ta, ta ce ta rage kilo biyar a hankali, wataƙila a dace. Ita kuwa ta ɗauki abin da zafi. Ta daina cin abincin rana, ta daina cin na dare, tana taka keken ɗinki da ruwan shayi kawai a cikinta.

Da al'adarta ta ɗauke wata biyu, ta raɗa wa mijinta ta samu ciki. Sai dariya yake yana share ido.

A asibiti likita ta daɗe tana duban takardar gwajin.

"Baiwar Allah, ba ciki ba ne. Yunwa ce ta tsayar miki da jinin. Biyar na ce, kin zubar da sha huɗu."

Ta sunkuyar da kai. "Na ɗauka hakan zai fi sauri."

A bakin ƙofar asibitin mijin ya sayo burodi da dafaffen ƙwai, ya ɓare mata.

"Ci, don Allah. Ina kallo kina ƙarewa, na yi shiru."

Ta karɓa, tana ci hawaye na zuba.