Farantin Rik

A gidan Moeke Fien, wato Inna Fien, in za a ci abinci, farantai sukan fi mutanen da ke tebur da guda ɗaya, kuma Staf ne mai jera su. Na ƙarin na Rik ne, ƙanen Staf da ruwa ya ci tun suna yara, wanda ba mai ganinsa sai Staf ɗin. Akan zuba wa Rik miya ludayi ɗaya, a ajiye masa yankan burodi, in an tashi a juye wa kare. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan abin magana. A garin Geel fa muke, inda tun kaka da kakanni gidaje ke karɓar masu taɓin hankali su zauna da su kamar 'yan gida, ana ce musu baƙi. Baƙon gidan da ke kallonsu ma fitilun titi yake gaisarwa ɗaya bayan ɗaya, mutane su kauce masa su wuce harkarsu.

Staf ya zo daga asibiti yana saurayi, da akwati ɗaya da bakin da ba ya buɗuwa. Fien ba ta tambayi sunan ciwonsa ba. Da ta ga ya ƙi taɓa abinci, ya ƙura wa kujerar kusa da shi ido, sai ta ce, "Wa ke nan?"

"Rik," in ji shi, da ƙyar.

"To shi Rik ɗin iska yake ci?" Ta tashi ta ɗauko faranti. Ranar Staf ya ci har da ƙari, kuma haka aka tafi shekara arba'in da 'yan kai.

A gabansa aka haifi Greet, 'yar Fien ɗaya tilo. Shi ya yi ta jijjiga ta tana kukan haƙori, shi ya bi bayan kekenta da gudu har ta daina faɗuwa. Tana ƙarama takan ture kujerar da ba kowa ta ce, "Kawu Rik, matsa mana, kai kaɗai ka cinye wuri!" Staf ya yi dariya har ya ƙware. Ranar aurenta da Koen ma sai da aka sa wa Rik faranti a teburin manya.

Da ciwo ya kwantar da Fien, wata hantsi ta kira Greet, Staf na tsaye bakin ƙofa da kofi a hannu.

"Gidan nan naki ne," in ji Fien. "Staf ma naki ne. Ni ma haka na gaji baƙon uwata, a hannuna ya mutu. Kin ji ni?"

"Haba Moeke! Kawu Staf da gidan nan ai sai dai a rushe su tare. Ina za shi?"

"Ba wasa na tambaye ki ba."

"Na yi alkawari," in ji Greet, tana kuka. Staf ya ji da kunnensa, ya je ya gaya wa Rik a ɗakin tattabaru, hankalinsu ya kwanta.

Bayan jana'iza Greet da mijinta suka tare a gidan. Koen ba mugu ba ne, amma mutum ne da in ya shiga ɗaki sai ya auna shi da ido. Kullum zancensa birnin Antwerp, da wani bene mai kallon kogi, da yadda tsofaffin gidaje ke cin mutum. In Staf ya shigo sai a yi shiru. Staf bai kawo komai a ransa ba, ya ɗauka makoki ne.

Gaskiyar magana, ba wanda ya ɗaure Greet. Wanda ya gaji yakan je asibiti ya ce ya gaji, a nema wa baƙonsa wani gida, ba a kai kowa kotu. Amma a ce 'yar Fien ta mayar da baƙo lafiyayye, ƙasar kabarin uwarta ko bushewa ba ta yi ba? Da matan layi sun cinye ta ɗanya a shagon burodi. Ita kuwa tana son ta rabu da shi, tana kuma son a ce da ita sannu.

Sai aka yi sa'a, ko rashinta. Marleen, ma'aikaciyar jinyar da ta shekara da shekaru tana leƙo gidan, tana shan kofi kusa da farantin Rik ko gira ba ta ɗagawa, ta yi ritaya. Aka turo sabuwa, Ilse, baƙuwa a garin.

Wata Asabar Greet ta sayo wa Staf sabuwar riga mai shuɗi, ta gyara masa wuyanta da hannunta.

"Kawu, jibi Ilse za ta ci abincin rana da mu, ita da likita. Ka jera tebur kamar kullum, ka ji? Kada ka ji kunya. Ka yi wa Rik hira sosai, su ga yadda muke zaune."

"Rik ba ya son baƙi, Greetje," in ji shi, da sunan da yake kiran ta tun tana ƙarama.

"Ka lallashe shi mana. Don ni."

Don ita kuwa ba abin da ba zai yi ba. Ranar ya yi aski, ya goge cokula har suna ƙyalli, ya tsinko furanni a bayan gida. Greet ta dafa miyar da ya fi so da dankali da naman zomo, irin girkin Fien sak. Murna ta cika shi, ya ga gidan ya dawo yadda yake.

Aka zauna. Staf ya zuba wa Rik ludayinsa, ya ce masa ya gaishe da baƙi, ya ba shi labarin tattabarar da ta ɓata ta dawo. Shi da ba ya iya haɗa magana biyu gaban baƙo, yau ya dage, yana yi yana satar kallon Greet ko ta ji daɗi.

Ilse ta ajiye cokali, ta tambaye shi a hankali, "Staf, tun yaushe Rik yake cin abinci tare da ku?"

Ya juya wajen Greet, kamar yadda yakan yi tun tana 'yar makaranta, don ita ce bakinsa a gaban baƙi.

Greet ta sunkuyar da kai. "Tun jana'iza," ta ce. "Da can sai jefi-jefi yake ambatonsa. Yanzu kun gani da idonku. Kullum ƙaruwa yake, wallahi har tsoron zama da shi nake in Koen ba ya nan."

Staf ya zuba mata ido. Ya jira ta yi dariya, ta ce wasa take yi. Maimakon haka ta miƙe, ta zagayo, ta ɗauke farantin, ta juye miyar cikin tukunya.

"Kawu," ta ce da wata murya mai laushi da bai san ta da ita ba, "babu kowa a kujerar nan."

Bai san sanda ya tashi ba. Ihun da ya yi har ƙarshen layi an ji, ya kai wa farantin wawura, gwiwar hannunsa ta ture tukunya, miya ta wanke tebur da sabuwar rigar. Shekara arba'in bai taɓa ɗaga murya a gidan ba. Koen ya riƙe shi ta baya, likita ya dubi Ilse, kuma ba sai an ƙara tambayar kowa komai ba.

Aka ce zai je asibiti ya ɗan huta. Washegari da mota ta zo, maƙwabta suka fito ƙofa, Greet na tsaye tana share hawaye tana ce musu ciwon ne ya tashi, rasuwar Moeke ce ta taɓa shi. Matan suka yi ta ba ta haƙuri. Ta samu sannun da take nema.

Staf ya fito da akwatin da ya zo da shi. Baƙin ciki ya cika masa ciki har ba wurin fushi. Greet ta bi shi bakin mota da wani abu naɗe a tawul.

"Ga farantin, Kawu. Ka tafi da shi." Ta rage murya. "Ai kai ma ka san babu Rik, ko? Ba ƙarya na yi duka ba."

Ya dube ta, yarinyar da ya koya wa keke.

"Na san ba kya ganinsa, Greetje. Moeke ma ba ta taɓa ganinsa ba. Ni take gani, shi ya sa take sa farantin."

Bai karɓa ba. Ya shiga mota, ya matsa can ciki ya bar wuri kusa da shi, ya riƙe ƙofa a buɗe yana jira, har direba ya zagayo ya rufe.

Kafin shekara ta ƙare an sayar da gidan, tattabaru aka raba wa maƙwabta. Ilse, wadda daga baya ta haɗu da Marleen a kasuwa ta ji cewa farantin Rik ya shekara arba'in a tebur, ta je ta sami Staf a ɗakin cin abinci na asibiti. Ta ɗauko faranti da kanta, ta ajiye kusa da shi, ta zuba miya.

"Kin yi kirki," in ji Staf. "Amma mayar da shi. Tun ranar da ta ce babu kowa, bai sake zuwa ba."

Ya ja nasa farantin gabansa, ya zauna yana kallon kujerar har miyar ta huce.